Darasi: Yadda Ake Ɗaukar Kwalekwale A Kan A-Kori-Kura

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa suna zaune a bakin ruwa. Waɗansu suna gaɓar Binuwai da Gongola, waɗansu kuwa kusa da manyan madatsun ruwa, kamar Kainji da aka gama a 1968 da Tiga da aka gama a 1974. A irin waɗannan wurare kwalekwale ba na masunta kaɗai ba ne. Da shi ake haye da taki zuwa gonar tsallake, da shi ake kwaso shinkafa daga fadama, da shi kuma ake fitar da marar lafiya sa'ad da ruwa ya yanke hanya.

Amma sau da yawa inda ake sassaƙa jirgi dabam, inda za a yi aiki da shi dabam, sai an ɗora shi a mota. Jirgin da ƙungiya ta daɗe tana tara kuɗinsa yana iya tsagewa a tafiyar yini ɗaya. In kuwa ya zame ya faɗi a titi, to, maganar ta wuce ta kuɗi, ta zama ta rai.

1. Ku san jirginku, ku san motarku

Bodin a-kori-kura mai ƙofa biyu bai cika wuce mita 2 da 'yan kai ba. Na mai ƙofa huɗu kuwa kamar mita 1 da rabi ne. Kwalekwale mai mita 5 ko 6, in aka zura shi a bodi, fiye da rabinsa yana waje yana lilo. Wannan shi ne tushen wahalar. Tsawon jirgi ya fi nauyinsa ɓarna a hanya.

Abu biyu ne ke faruwa. Na fari, wutsiyar da ba ta da matokari tana sama da ƙasa a kowane rami, har katako ya tsage daidai bakin bodi. Na biyu, nauyin da ya wuce tayoyin baya yana ɗaga gaban mota, sai sitiyari ya yi sakayau, birki kuma ya rage kamawa.

Jirage iri uku ne muke gani. Akwai na sassaƙa, watau wanda aka fafe daga gungume ɗaya na maɗaci ko rimi. Akwai na katako da aka haɗa da ƙusa. Akwai kuma na roba marasa nauyi, har da ɗan siriri na mutum ɗaya da ake kira kayak, wanda mutum biyu ke ɗauka ba wahala. Ga ma'auni mai sauƙi: jirgin da maza huɗu ba za su iya ɗaga shi sama da kansu ba, kada a ɗora shi bisa a-kori-kura. A nemi babbar mota mai dogon bodi. Kuɗin hayarta bai kai kuɗin sabon jirgi ba.

2. Gadon jirgi

Jirgi yana bukatar matokarai biyu masu nisa da juna. Ku sa mai walda ya yi muku ƙarafa biyu kamar ragar ƙwallo, ɗaya a bayan gidan direba, ɗaya a ƙarshen bodi. Tsayinsu ya ɗara rufin mota da kamar taƙi ɗaya, domin kada jirgi ya zauna a kan rufin. A kama su da noti a jikin bodi. In ba mai walda kusa, kafinta zai iya yi da katako mai kauri, amma a haɗa da noti, gama ƙusa tana zarewa in mota ta sha gargada.

A naɗe sandunan sama da tsohon tiyub ko buhu, domin ƙarfe yana cin katako. In jirgin yana da tsawo ƙwarai, a ƙara matokari na uku a gaban mota, a kafa shi a shasi.

3. Ɗorawa

A fitar da jirgi daga ruwa tun jiya, a kwashe ruwan cikinsa duka. A cire filafili da gora da taru, a sa su a bodi dabam.

A kife jirgin, bakinsa yana duban ƙasa. Bakin jirgi ya fi cikinsa zama daram a kan sanda. Ban da haka, jirgin da ke a buɗe kwarya ce ta tarar ruwan sama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ruwa ya tsaya santimita 5 a jirgin da cikinsa ya kai murabba'in mita 4, an ƙara kilo 200 ke nan a saman mota, ga shi kuma yana kai da komowa a kowace kwana.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ɗora gaban jirgi a sandar baya, sa'an nan a tura a hankali, mutum ɗaya yana ba da umarni. Tsakiyar jirgi ta zauna tsakanin sandunan biyu, kuma daidai tsakiyar mota, kada ya karkata gefe.

4. Ɗauri huɗu

Nan ne ya kamata a fi ba da hankali. Kowane jirgi yana bukatar ɗauri huɗu, kowane kuma da aikinsa.

Ɗauri na ɗaya da na biyu: a ketara igiya bisa cikin jirgi daidai kowace sanda, a zagayo ta ƙarƙashin sandar dab da jikin jirgi. In aka ɗaure can nesa a ƙarshen sanda, jirgi zai sami wurin zamewa hagu da dama.

Ɗauri na uku: daga hancin jirgi zuwa gaban mota. Iska tana shiga ƙarƙashin jirgi tana neman ɗaga shi. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin iskar yana ninkawa sau huɗu. Wannan igiya ce ke danne hancin.

Ɗauri na huɗu: daga wutsiyar jirgi zuwa bayan mota. A lura da yadda igiyoyin gaba da baya suka karkata: ɗaya ta hana jirgi ja da baya, ɗaya ta hana shi tsirgawa gaba sa'ad da aka taka birki da ƙarfi.

A ɗaure a ƙugiyar jan mota ko a shasi, ba a bamba ta roba ba. Kada igiya ta taɓa salansa ko bakin ƙarfe mai kaifi. Robar tiyub da muke ɗaure kaya da ita a babur ba ta isa wannan aiki ba, domin tana miƙewa. Igiyar nailan ma tana saki in ta jiƙe. Masu bel mai ƙugiya irin na 'yan tirela su yi hankali, kada su matse har katako ya yi ƙara ko jirgin roba ya lotsa.

In an gama, mutum ya kama hancin jirgi ya girgiza da ƙarfi. In mota ta motsa tare da jirgi, ɗauri ya yi. In jirgi ya motsa shi kaɗai, a kwance a sake.

5. A kan hanya

A ɗaura jan ƙyalle a wutsiyar jirgi. A tashi da sassafe, kada a yi tafiyar dare. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tsayar da motar da lodinta ke da haɗari.

Kada kowa ya zauna a bodi ƙarƙashin jirgi, ko da yaron mota ne.

Bayan kilomita 5 na farko a tsaya a taɓa kowace igiya, gama a nan ne ɗauri ke saki. Daga nan sai a riƙa dubawa kowace sa'a, da kuma bayan kowace muguwar hanya. Direba ya tuna motarsa ta ƙara tsawo da tsayi. A kwana wutsiya tana sharar gefe, tana iya buge mai babur ko mai tafiya a ƙasa. Ya kula da rassan itace da wayoyin lantarki na cikin gari. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Da rani ko lokacin hunturu, rana da iska suna busar da katako har mahaɗinsa ya buɗe. A rufa jirgin katako da jiƙaƙƙun buhuna, a ɗaure su sosai.

6. Saukewa

Kafin a sa jirgi a sabon ruwa, a wanke shi a tudu, a cire duk ciyawa da laka. Ta haka ne ake hana kai irin kacalla da kainuwa inda babu su, da kuma katantanwar da ke yaɗa ciwon fitsarin jini. Sa'an nan a bar jirgin katako ya kwana a ruwa marar zurfi domin ya kumbura, a duba ko yana yoyo kafin mutane su shiga.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa ake kife jirgi a kan mota?
2. Mene ne aikin kowane ɗaya daga cikin ɗauri huɗu?
3. In jirgin ƙungiya ya lalace a hanya, wa zai biya? Kun shirya wannan da mai mota kafin tashi?

Aikin yi: kafin taro mai zuwa, a zaɓi mutum biyu su auna tsawon jirgin ƙungiya da bodin motar da kuka saba haya, su kawo wa magatakarda ya rubuta a littafi.