Iyali a Filin Bishara: Darasi Daga Gidan Akila da Biriskilla

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-28, Romawa 16:3-5, 1 Timoti 5:8

Gabatarwa

Idan aka ambaci ɗan mishan na Katolika a ƙasar Filato, abin da ke zuwa a zuciyar yawancin masu bi shi ne Fada Bature da farar riga, ko kuwa Sista da ke duba marasa lafiya a asibiti. Ba a cika tuna miji da mata da 'ya'ya ba. Amma yau Ikkilisiya tana aika iyalai zuwa wasu ƙasashe, kuma kiran yana iya zuwa wa gidan malamin makaranta ko na ma'aikaciyar jinya a Kabong kamar yadda yake zuwa wa saurayin da ke karatu a seminari ta St. Augustine a Laranto. Wannan darasi zai duba abin da Littafi Mai Tsarki da tarihin Ikkilisiya suka koyar game da irin wannan kira, da kuma nauyin da yake ɗora wa aure da tarbiyyar yara.

Yadda bishara ta iso

An kafa ƙungiyar SMA a birnin Liyon na Faransa a shekarar 1856. Wanda ya kafa ta, Bishop Melchior de Marion Brésillac, ya sauka Freetown ta Saliyo a watan Mayu na 1859, zazzaɓin shawara kuma ya kashe shi kafin ƙarshen watan Yuni. A irin wannan yanayi, aika mutum da mata da ƙananan yara zuwa Afirka ta Yamma abu ne mai wuyar gaske, firistocin Katolika kuwa dama ba sa aure. A watan Fabrairu na 1907 Fada uku na wannan ƙungiya, Oswald Waller da Joseph Mouren da Ernest Belin, suka isa Shendam. Daga wannan ƙaramin mafari aikin ya bazu, har Jos ta zama yankin mishan mai zaman kansa a 1934, ta zama dayosis a 1953, sannan babban dayosis a 1994. A 1974 Gabriel Gonsum Ganaka ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe kujerar Bishop na Jos.

Duk da haka, aikin bai taɓa tafiya ba tare da iyalai ba. Fada yakan ziyarci ƙauye sau ɗaya a wata ko fiye da haka, amma katekis da matarsa su ne ke zaune a cikin jama'a. Sau da yawa an tura su wata ƙasa mai wani harshe, nesa da danginsu. Mijin yana koyar da masu shirin baftisma, matar tana daka da matan gari, tana zuwa musu barka da ta'aziyya, yaransu kuma suna wasa da yaran maƙwabta. Mutane da dama sun fara ganin yadda gidan Kirista yake a tsakar gidan katekis kafin su taɓa shiga ɗakin sujada.

Gidan da ya yi ƙaura sau da yawa

Akila Bayahude ne mutumin Fantas. Shi da matarsa Biriskilla suna zaune a Roma har lokacin da Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga birnin, wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu. Suka koma Korinti, inda Bulus ya same su, ya zauna a gidansu domin sana'arsu ɗaya ce, wato ɗinkin tanti. Bayan Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a can, suka bi shi zuwa Afisa. A nan ne suka ji wa'azin Afolos, suka lura saninsa bai cika ba, suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani. Daga baya wasiƙar Romawa ta nuna sun koma Roma, ikkilisiya tana taruwa a gidansu, Bulus kuma ya shaida cewa sun sa ransu cikin hatsari dominsa.

Akwai abubuwa uku da mai karatu zai lura da su. Na fari, sau shida aka ambace su a Sabon Alkawari, kuma ko sau ɗaya ba a ambaci ɗaya ba tare da ɗayan ba. A huɗu daga ciki ma sunan matar ne a gaba. Na biyu, ba su bar sana'arsu ba. Na uku, gidansu shi ne babban kayan aikinsu: a can baƙo yake sauka, a can ake koyarwa, a can ake sujada.

Majalisar Batikan ta Biyu, a takardarta kan aikin mishan ta 1965, ta bayyana cewa masu bi da ba firistoci ba suna da rabo na gaske cikin kai bishara ga al'ummai. A 1981 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta wasiƙa kan iyali, inda ya kawo Akila da Biriskilla a matsayin misalin ma'aurata 'yan mishan. Tun kafin haka, a 1955, an kafa ƙungiyar Lay Mission-Helpers a Los Anjalis ta Amurka domin aika ma'aurata da marasa aure zuwa ƙasashen waje, daga 1986 kuma ƙungiyar Neocatechumenal Way ta fara aika iyalai da 'ya'yansu. A Nijeriya, bishop-bishop sun kafa ƙungiyar mishan ta St. Paul a 1977, wadda firistocinta ke hidima a Afirka da Turai da Amurka. Ƙasar da ta karɓi bishara ta zama mai aikawa.

Kira ɗaya, mutum biyu

A ɗauki misalin wani gida a Kabong. A ce mijin malamin sakandare ne, matar ungozoma ce, suna da yara uku, aka kuma nemi su je su yi hidimar shekara uku a wata makarantar mishan a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Mijin ya ji zuciyarsa ta kama wuta, matar kuwa ta yi shiru. Jarabar da ke gaban mijin ita ce ya ɗauki shirun nan a matsayin amincewa, ko ya ce shi ne kan gida, magana ta ƙare.

Matar da aka kai wata ƙasa ba da son ranta ba, ita ce za ta sha mafi yawan kaɗaici. Mijin yana fita aiki da safe, yana samun abokai, yana koyon harshe. Ita kuwa ta rabu da Zumuntar Mata, da 'yan'uwanta, da kasuwar Gada Biyu inda kowa ya san ta. Ƙorafin da aka haɗiye a Jos zai fito a Maraɗi, a lokacin da babu uwa ko babbar ya da za ta sasanta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka ya wajaba ma'aurata su ɗauki watanni suna addu'a tare, su nemi shawarar Fadan majami'arsu da ta waɗanda suka taɓa zuwa, kowannensu kuma ya sami damar faɗin tsoronsa ba tare da an kira shi mai ƙarancin bangaskiya ba. Idan ɗaya ya ce bai shirya ba, jira shi ma biyayya ce ga Ubangiji.

Yaran da ba a tambaye su ba

Iyaye ne suke amsa kira, amma yara ma suna biyan kuɗinsa. Garin Jos ya san wannan sosai. 'Yan mishan na sauran ɗariku sun zo da iyalansu, damuwar karatun 'ya'yansu ce kuma ta sa mishan na Church of the Brethren ya buɗe makarantar Hillcrest a 1942, SIM kuma ta buɗe Kent Academy a Miango a tsakiyar shekarun 1940. Yara masu shekara shida sun zauna a ɗakunan kwana, iyayensu suna nesa a tashoshin mishan, sai hutu ake ganin juna. Makarantun sun ba da ilimi mai kyau, amma da yawa daga cikin yaran, bayan sun girma, sun bayyana zafin rabuwar da suka ɗauka a zuciya shekara da shekaru. A maƙabartar Miango kuma akwai ƙananan kaburbura na 'ya'yan 'yan mishan.

Iyalin Kabong da ke shirin zuwa Nijar za su tarar ana jin Hausa a Maraɗi, amma karatun boko da Faransanci ake yi. Yaron da ke aji biyu na babbar sakandare, wanda jarrabawar WAEC da ta JAMB ke gabansa, ba za a cire shi haka kawai ba. Dole a yanke shawara tun da wuri: wa zai tafi, wa zai zauna, a hannun wa, kuma sau nawa za a riƙa ganinsa. Ya kamata a zaunar da yaran a yi musu bayani daidai da shekarunsu, a kuma bar su su yi baƙin cikin rabuwa da abokansu. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora koyar da 'ya'ya a wuyan iyaye, wannan umarni kuwa bai faɗi ba domin an tafi aikin bishara. Addu'ar yamma, cin abinci tare, da karanta Littafi Mai Tsarki cikin harshen gida su ne abubuwan da yaro zai riƙe idan kome na kewaye da shi ya canja.

Tsofaffi, kuɗi da hatsari

A al'adar Filato, ɗan da ya yi karatu shi ne ke sayen taki, shi ne ke biyan kuɗin asibitin tsoho da na makarantar ƙanne. Bulus ya yi magana mai zafi a 1 Timoti 5:8 kan wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa, a Markus 7:9-13 kuma Yesu ya tsauta wa masu fakewa da hidimar Allah su hana iyayensu taimako. Kafin tafiya, sai a tara 'yan'uwa a raba nauyin a fili, kowa ya san abin da ke kansa.

Haka kuma batun abin zaman gari. Ya dace a rubuta yarjejeniya tsakanin dayosis mai aikawa da mai karɓa: wa zai biya kuɗin gida, magani, makaranta da na dawowa. Naira tana iya faɗuwa a gaban sefa, alkawarin baki kuma yakan bi wanda ya yi shi idan aka canja masa wurin aiki. Sana'ar hannu, kamar tantin Akila, tana rufa asiri, tana kuma buɗe ƙofar maƙwabta.

Hatsari ma gaskiya ne. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai. A watan Satumba na 2018 aka sace Fada Pier Luigi Maccalli na SMA a Bomoanga ta Nijar, sai a Oktoba na 2020 aka sake shi a Mali. Mutanen Kabong kuwa sun san zama a gida ba shi ne tabbacin tsira ba, gama a jajibirin Kirsimeti na 2010 bama-bamai sun tashi a unguwarsu da Unguwar Rukuba, suka hallaka mutane da yawa. Mai bi ba ya neman hatsari, ba ya kuma barin tsoro ya yanke masa shawara. Yusufu ya ɗauki Maryamu da Yaron cikin dare zuwa Masar, wannan kuwa hikima ce da biyayya. Iyali su san tun farko a wane hali za su kwashe yara su fita.

Aikin masu zama a gida

A Ayyukan Manzanni 13:1-3 ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a kafin ta sallami Barnaba da Shawulu, bayan sun dawo kuma ta taru ta saurare su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Majami'ar da ta aika iyali tana da hakkin ziyartar tsofaffin da suka bari, da kiran su a waya, da tuna su a addu'ar ranar Lahadi. Dawowa ma tana da wuyarta: aikin da aka bari wani ya ɗauka, yaran sun saba da wani harshe, abokai sun yi gaba. Tarbar kirki da taimakon neman aiki suna cikin hidimar mishan.

Yawancin iyalai ba za su ƙetare iyaka ba. Amma gidan da ke karɓar ɗalibin da ba shi da kowa a Jos, wanda ke zaman lafiya da maƙwabcinsa Musulmi, wanda yaransa ke ganin uba yana neman gafarar uwa, ya riga ya fara aikin da Akila da Biriskilla suka yi a Korinti. Irin wannan gida ne Ikkilisiya take iya aikawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa ne suka sa gidan Akila da Biriskilla ya zama da amfani ga Bulus da Afolos?
2. Idan miji ya ji kira, matar kuwa ba ta ji ba, ko akasin haka, wace hanya ya kamata su bi?
3. Ta yaya iyaye za su haɗa kiran bishara da hakkin 'ya'yansu da na tsofaffinsu?
4. Wane taimako majami'a za ta iya bayarwa a wannan wata uku ga katekis ko ɗan mishan da ke hidima nesa da danginsa?

Abin addu'a: iyalan da ke hidima a wasu ƙasashe, yaran da ke karatu nesa da iyayensu, da tsofaffin da ke jiran dawowar 'ya'yansu.