Kafin ka bi bidiyon ƙarfafa jiki a gida

Idan za ka zaɓi bidiyon motsa jiki a YouTube, kada ƙirar jikin mai koyarwa ta ruɗe ka. Zauna tukuna ka kalle shi har ƙarshe. Yana faɗa maka inda za ka kafa ƙafa, yadda gwiwa za ta bi saitin yatsun ƙafa idan ka tsuguna, da lokacin sakin numfashi? Yana nuna wa sabon shiga hanya mai sauƙi, kamar tura bango da hannuwa kafin a koma ƙasa? Wanda ke ta ihu da kiɗa ba bayani, rabu da shi, ciwon baya zai jawo maka.

Masu alkawarin narkar da tumbi cikin kwana 7 kuwa yaudara suke yi. Motsa tsokar ciki yana ƙarfafa ta, amma ba ya ware kitsen wurin ya ƙone shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana 2 a mako. Nemi tsarin da ya taɓa ƙafafu, baya, ƙirji, kafaɗu da hannuwa, ya bar ranar hutu a tsakani, nauyin kuma yana ƙaruwa sannu a hankali. Ba sai ka sayi ƙarfe ba: litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita 5 ta isa farawa.

Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su fara ganin likita. Riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi yana sa jini ya hau.