Yaro Ya Yi Kisa, Yaya Shari'a Za Ta Yi Da Shi?

Wata malamar makaranta daga Tsaskiya, ƙaramar hukumar Safana, ta tambaya: yaran da 'yan bindigar dajin Rugu ke ɗora wa bindiga, in sun yi kisa, wane hukunci ya dace da su?

Mun gode, Malama. A dokar Penal Code ta Arewa, yaro ƙasa da shekara bakwai ba shi da laifi. Daga bakwai zuwa sha biyu, alƙali zai duba hankalinsa tukuna. A fikihun Malikiyya ma, ba a yi wa wanda bai balaga ba ƙisasi. Diyya ce, kuma danginsa ke biya.

Wurin irin wannan yaro gidan gyaran hali ne. Gidan gyaran hali, Malama, nesa da manyan fursunoni. Babban da ya miƙa masa bindigar, shi ya cancanci hukunci mafi tsanani.