Kalmar "morocco": Yadda Fatar Sakkwato Ta Ɗauki Sunan Wata Ƙasa

Gabatarwa

Ɗalibin da ya ci karo da kalmar Ingilishi "morocco" an rubuta ta da ƙaramin baƙi, mai yiwuwa ya zaci kuskuren ɗab'i ne, domin abin da ya sani shi ne ƙasar Maroko. Alhali kuwa kalma ce mai zaman kanta, mai ma'anoni da dama, kuma babbar ma'anarta tana da alaƙa ta kai tsaye da majeman birnin Sakkwato. Wannan darasi zai bi waɗannan ma'anoni ɗaya bayan ɗaya.

Asalin Kalmar

Tushen kalmar shi ne Marrakush, birnin da Murabiɗawa suka kafa wajajen shekarar 1070. Turawa sun ɗauki sunan birnin suka laƙaba wa ƙasar baki ɗaya, ko da yake Larabawa Almagrib suke kiran ta. Tun cikin ƙarni na 17 Ingilishi ya fara amfani da wannan suna ga wata irin fata da ake sayowa daga gaɓar Afirka ta Arewa.

Ma'ana ta Farko: Jemammiyar Fatar Akuya

A ƙamus, "morocco" na nufin fatar akuya wadda aka jeme da tsirrai, mai laushi da ƙwari, mai ƙananan ƙuraje a fuskarta. Da ita ake yi wa littattafai masu daraja bango, kamar yadda dukawanmu ke yin tadarishi da gafaka.

Sai dai ba duk fatar ce aka jeme a Maroko ba. Wani kaso nata daga ƙasar Hausa ya fito, musamman fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Ayarin raƙuma kan kwashe ta daga kasuwar Kano, su bi ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya kuma isa Sakkwato a 1853, ya ambaci kayan fata cikin hajar da ake fitarwa zuwa arewa. Mai saye a Turai bai san majemi ba, gaɓar da kaya suka taso kawai ya sani. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatun suka koma bi ta Legas, masu ɗaure littattafai a Ingila kuwa sun san su da sunan "Niger morocco".

Kimiyyar da Ke Cikin Jima

Ɗanyar fata cike take da zaren wani furotin mai suna kolajin, wanda ke ruɓewa idan an bar shi. Majemi kan fara tuje gashi, sa'an nan ya jiƙa fatar a ruwan dakakkiyar bagaruwa. 'Ya'yan bagaruwa na ɗauke da sinadarin tanin, wanda ke manne wa zaren kolajin ya ɗaure su, ta yadda ƙwayoyin cuta ba za su iya cin su ba. Jan launin kuwa daga karan dafi yake fitowa.

Wannan hikima ta gargajiya ta sami shaida a Turai. A 1901 wani kwamiti na ƙungiyar Society of Arts da ke Landan ya fitar da rahoto kan dalilin da ya sa bangon littattafai ke rududdugewa. Daga cikin abubuwan da ya zarga akwai asid mai ƙarfi da masana'antu ke sa wa fata, da hayaƙin fitilun gas. Fatar da majeman Hausa suka jeme ba ta san wannan asid ba, shi ya sa ta yi suna wajen ƙarko.

Sauran Ma'anoni

Na ɗaya, a jerin littattafan sayarwa, "full morocco" na nufin an lulluɓe bangon duka da fatar, "half morocco" kuwa gadon bayan littafin da kusurwoyinsa kaɗai.

Na biyu, "French morocco" ba fatar akuya ba ce, ta tunkiya ce da aka kwaikwaya, kuma ba ta kai ta ainihi ƙwari ba. A nan kalmar na iya yaudarar mai saye.

Na uku, ana amfani da ita ga launi, wato ja mai duhu irin na wannan fata.

Na huɗu, a Landan ta ƙarshen ƙarni na 18, "morocco men" laƙabi ne na dillalan wata haramtacciyar caca, saboda jajayen jakunkunan fata da suke riƙewa.

A Faransanci ma kalmar ta yi rassa. Mai zuwa Maraɗi ko Yamai zai iya jin "maroquinerie", wato sana'ar dukanci ko shagon kayan fata. "Maroquin" kuma, ban da fata, na nufin kujerar minista, saboda jakar takardunsa.

Kammalawa

Darasi na farko ga ɗalibi shi ne ya lura da babban baƙi da ƙarami, ya kuma duba muhallin da kalma ta fito kafin ya fassara ta. Darasi na biyu ya fi nauyi. Suna yakan bi kasuwa, ya bar wanda ya yi aiki. Har yanzu akasarin fatun da Nijeriya ke fitarwa suna tafiya ƙasashe irin su Italiya da Sifen, a mayar da su takalma da jakunkuna masu ɗauke da sunan wasu. Saboda haka akwai aiki a gaban masu bincike a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Nazarin Fasahar Fata da ke Samarun Zariya: inganta jima da ɗinki a nan gida, domin fatar jar akuya ta shiga kasuwar duniya da sunan Sakkwato.