Yadda Ake Canza Boris ɗin Tayar Baya na Sienna a Gida

Boris ɗin taya ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan fara ne da wani gurnani ƙasa-ƙasa daga bayan mota, wanda ba ka jinsa sai ka hau kwalta mai sumul ka kai gudun kilomita 50 ko 60. Kana ƙara gudu yana ƙara ƙarfi, har ya koma kamar jirgin sama na bin ka a baya. Direbobi da yawa sukan ce bari a gama wannan lodin tukuna, daga nan mako ya zama wata. Wannan ganganci ne, domin boris shi ke riƙe da taya a jikin mota. In ya ci ya cinye, taya takan fara rawa, birki ya rikice, wani lokaci ma ta cije a tsakiyar titi da mutane cike a ciki.

Abin daɗin shi ne, a Toyota Sienna ƙirar 2004 zuwa 2010, wadda ta cika tashoshinmu daga Kano zuwa Kaduna da Abuja, wannan aiki ne da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa. Boris ɗin baya a rufe yake cikin hob, wato ƙarfen nan mai ƙusoshi biyar da ake ɗaura taya a kai. Ba a buɗe shi, ba a sa masa giris, ba a kai shi injin matsi. Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da shi: a kwance su, a cire tsohon gaba ɗaya, a ɗaura sabo. Ina magana ne a kan wadda tayoyin gaba kaɗai ke ja, wadda ita ce ta fi yawa a wajenmu. Mai ja da ƙafa huɗu tana da shaf da ya ratsa tsakiyar hob da babban noti a bakinsa, aikinta daban ne. Haka in motarka Sharan ce ko Odyssey, sai ka duba nata tsarin kafin ka ɗauki sifana.

Da farko, ka tabbatar boris ɗin ne

A nan aka fi yin asarar kuɗi. Tayar da ta ci ba daidai ba, ta yi tudu da kwari a kan haƙoranta, tana yin irin wannan gurnanin sak. Ka shafa tafin hannunka a kan tayar. In ka ji gargada, ka musanya ta da ta gaba ka sake gwadawa. Idan ƙarar ta bi tayar ta koma gaba, boris ɗinka ba shi da laifi, wurin mai faci za ka.

Idan ƙarar tana nan a baya, ka nemi titi marar cunkoso. Kana cikin tafiya ka ɗaga ƙafa daga totur. Ƙarar inji takan ragu, amma ta boris gudun taya take bi, ba ruwanta da inji ko giya. Sannan ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali. In ka karkata hagu, nauyin mota yana komawa kan tayoyin dama. In a lokacin gurnanin ya ƙaru, zargi ya fi ƙarfi a kan na dama. Amma kunne yana yaudara a mota mai dogon ciki irin wannan, don haka ka sa wani ya zauna a kujerar ƙarshe ya saurara, kuma kada ka yanke hukunci sai ka ɗaga motar. Ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. Bai kamata ka ji ko ɗan motsi ba. Sai ka dafa sifirin da hannu ɗaya, ka juya tayar da ɗayan. Lafiyayyen boris shiru yake juyawa. Wanda ya lalace, za ka ji wani karkarwa na bin ƙarfen har cikin yatsunka, ko da kunnenka bai ji komai ba. Ka gwada ɓangarorin biyu, bambancin zai fito fili. Fitilar ABS ma takan kama a gaban direba, domin na'urar da ke auna gudun taya a bayan hob ɗin take.

Sayen kayan

Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tafi da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ke gindin gilashin gaba ta gefen direba. Ka faɗa wa mai shago shekarar motar, da cewa gaba take ja, da ɓangaren da kake so. In da hali, ka fara cire tsohon ka tafi da shi, a ajiye su gefe da gefe: tazarar ramukan nan huɗu, tsayin hob, da bakin da wayar ABS ke shiga, duk su zo ɗaya.

Za a nuna maka ɗan Beljiyam, a ce ai na asali ne daga jikin mota aka ciro. Gaskiya ne, kuma wani lokaci ya fi sabon jabu ƙarko. Sai dai ba wanda ya san tafiyar da ya riga ya yi. Ka juya shi a hannunka kusa da kunne; ya kasance yana juyawa da ɗan nauyi, sumul, ba ƙaiƙayi, ba lilo. Wanda ke wulwulawa sakaka ya bushe a ciki. Ra'ayina shi ne, motar da ke ɗaukar iyali ko fasinja ta cancanci sabo mai kyau daga shagon da za ka iya komawa ka yi magana in an samu matsala. Araha ba ta ado a kan abin da ke riƙe da taya.

Kayan aikin ba su da yawa: jak, ƙafafun ƙarfe na tokare mota, wil sifana mai lamba 21, akwatin soket da ɗan sandan ƙarin tsawo, guduma, sukundireba, burushin ƙarfe, man sassauta tsatsa irin WD-40, guntun waya mai ƙarfi, da ƙananan ƙusoshi biyu masu zaren M8. Ka aro sifana mai awon ɗauri in ba ka da ita.

Ɗaga mota

Sienna ta kusa tan biyu ko babu kowa a ciki. Ka ajiye ta a daɓen siminti mai shimfiɗa, ba kan rairayi ba, ba kan gangare ba. Ka sa giya a P, ka kashe inji, ka zare makulli, ka sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba duka biyu. Waigin nan dole ne, saboda za ka saki birkin ajiye mota, wanda a Sienna na ƙafa ne, can gefen hagu. In an take shi, dram ɗin birki ba zai fita ba.

Ka sassauta notocin taya biyar tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga a wurin da aka tanada, inda aka yi ƴan tsagogi a ƙarƙashin gefen mota gaba kaɗan da tayar baya. Ka tokare da ƙafar ƙarfe, ka sauke nauyin a kanta. Jak ɗin da ya zo da mota na canza taya ne a bakin hanya, bai isa a dogara da shi ana bugun guduma ba. Bulon siminti kuwa yakan fashe ba gargaɗi. Kada ka yarda da shi ko da ka ga ana yi a gareji. Tayar da ka cire, ka kwantar da ita a ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu. Ka jijjiga motar da hannu kafin ka zauna kusa da ita, kuma a janye yara daga wurin.

Cire birki

Wasu Sienna dram ne a bayansu, wasu faifai. In dram ne, ka ja shi waje. Sau da yawa zai ƙi. A fuskarsa akwai ƙananan ramuka biyu masu zare. Ka ɗaura ƙusoshin M8 ɗin nan a ciki, kana juya wannan kaɗan, ka juya wancan kaɗan, za ka ji ya yi ƙara ya saki. In ya taso amma ka ji shu ɗin birki na riƙe shi daga ciki, ka tsaya, kada ka ja da ƙarfi ka tsinke sifirin ɗin birki. Ka cire ɗan robar da ke bayan farantin birki, ka zura sukundireba ka mayar da ɗan gilgilon saiti baya har shu su saki.

In faifai ne, ka kwance kalifa da maƙalinta, ka rataye ta da waya a jikin sifirin. Kada ka bar ta tana reto a kan tiyon man birki. Faifan ma yana da waɗancan ramuka biyu, kuma a cikinsa akwai ƙananan shu na birkin ajiye mota.

Da zarar ciki ya bayyana, ka ɗauki hotonsa da wayarka. Kada ka hura ƙurar birki da baki, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kuma ka gargaɗi kowa kada ya taka birki har sai an mayar da komai.

Cire tsohon hob

Ka leƙa bayan hob, za ka ga wayar ABS. Ka goge ƙasar da ta toshe bakinta, ka danna ɗan harshen roba, ka zare a hankali. Robar ta sha zafi da shekaru, ba ta da wuyar karyewa. Ka ja kanta, kada ka ja wayar.

A fuskar hob akwai rami. Ka juya shi har ramin ya zo saitin kan ƙusa, ka zura soket da sandan ƙari ka kwance, ka sake juyawa zuwa ta gaba. Ka fesa wa ƙusoshin mai tun da wuri, kuma ka tabbatar soket ya zauna sosai kafin ka sa ƙarfi, don kan ƙusar da ya lanƙwashe a cikin wannan lungu babban aiki ne. Waɗannan ƙusoshi huɗu su ne kuma ke riƙe da farantin da shu ke kai, saboda haka in sun fita farantin zai saki. Ka ɗaure shi da waya kada nauyinsa ya lanƙwasa bututun man birki.

A nan ne haƙurinka zai yi aiki. A jihar Indiyana ta Amurka aka haɗa waɗannan motoci, kuma da yawansu sun yi shekaru a garuruwan da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara kafin su iso mana ta Legas ko Kwatano. Gishirin nan ya sa hob ya manne da mazauninsa, ƙusoshi sun fita amma shi ko gezau. Ka mayar da ƙusoshi biyu ka ɗaura su zare uku ko huɗu kawai, don kada ya faɗo maka a ƙafa. Ka fesa mai a kewayen mahaɗar, ka ba shi minti goma sha biyar. Sannan ka bugi gefen fuskar hob da guduma daga baya, ka juya, ka bugi wani gefen, kana zagayawa. Tsohon ne, ba za a sake amfani da shi ba, don haka kada ka ji tausayinsa. Farantin birki ne za ka kiyaye, ƙarfensa siriri ne. In ka ga siririn layi ya buɗe tsakaninsu, an ci rabin yaƙi: ka ƙara mai a cikin layin ka ci gaba. Wani lokaci hob yakan fito da farantin manne a wuyansa. Sai wani ya riƙe maka farantin, ka bubbuga hob ɗin daga baya har ya rabu. Kada ka kawo wuta. Bututun birki da tankin mai duk suna kusa.

Ɗaura sabo

Kafin sabon ya shiga, ka kankare mazaunin da burushin ƙarfe har farin ƙarfe ya fito, ciki da fuska, da ramin farantin birki. Mutane sukan raina wannan mataki, alhali ɓarɓashin tsatsa kaɗan ya isa ya sa hob ya zauna a karkace, taya ta riƙa lilo, sabon boris ya gaji kafin lokacinsa. Ka shafa giris siriri a bakin ramin, don wanda zai kwance nan gaba ya samu sauƙi.

Ka daidaita farantin, ka zura sabon hob da bakin wayar ABS yana fuskantar inda tsohon ya fuskanta. Da hannu zai shiga. Guduma ba ta taɓa sabon hob. Bugu ɗaya yana iya yi wa ƙwallayen ciki tabo, gurnanin ya dawo bayan ƴan makonni. Ka fara ƙusoshi huɗun da yatsu, ka ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, sannan ka kammala da sifana mai awo bisa adadin da littafin gyaran motar ya bayar. Ka mayar da wayar ABS har ka ji ta yi ƙas. Ka goge cikin dram ko fuskar faifai kada giris ya taɓa su, ka mayar, tare da kalifa in faifai ne, ka gyara saitin shu in ka taɓa shi, yadda dram zai juya da ɗan gogawa kaɗan.

Sai ka mayar da taya. Notocin taya na Sienna awonsu 103 ne a ma'aunin N·m, wato misalin nauyin kilo 21 a ƙarshen sifana mai tsawon rabin mita. Mutum mai kilo 70 da ya hau kan wannan sifanar da ƙafa ya ninka abin da ake so fiye da sau uku, shi ya sa ƙusoshin taya ke tsinkewa. Ka ɗaure su a bushe ba giris, kana tsallake ɗaya, bayan ka sauke motar ƙasa.

Kafin ka motsa, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri, ka take birkin ajiye mota ka saki. Ka tayar da inji. Fitilar ABS za ta kama na ƴan daƙiƙu ta mutu. In ta ƙi mutuwa, ka fara duba wayar da ka mayar. Ka zaga unguwa a hankali kana gwada birki, sannan ka hau titin da ka saba jin gurnanin. In ka dawo, ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar tayoyin baya biyu. In sabon ɓangaren ya fi ɗaya zafi sosai, shu ne ke kamawa, a sassauta saiti.

Ba dole ba ne a canza na ɗaya ɓangaren in lafiyarsa ƙalau. Abin da ke kashe boris a wajenmu sananne ne: lodin da ya wuce kima, faɗawa rami da gudu, da kutsawa cikin ruwan damina har ya rufe tsakiyar taya. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka tsaya ka sake bin notocin nan biyar da sifana.