Amanar Rubuta Asalin Dokin Larabawa

Jama'a, Allah Maɗaukaki Ya yi rantsuwa da dawaki a cikin Suratul Adiyati. Malamai kuwa ba su raina sha'aninsu ba, don Ibnul Kalbi ya wallafa littafi sukutum a kan nasabarsu. Larabawan daji ta wajen goɗiya suke ƙidaya asali. Abbas Fasha, wanda ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854, ya aika aka rubuto shaidarsu. Bayan rasuwarsa dawakinsa suka watse, amma rubutun ya tsira, har yau masu kiwo suna komawa gare shi. To, wanda ya ƙaga wa doki asali domin ya yi tsada, ya yi shaidar zur, ya kuma ɓata iri. Allah Ya kiyashe mu, amin.