Rawanin Soro: Ikilisiya da Aikin Dubagari a Makarantun Rainon Yara

Karatu: Littafin Firistoci 14:33-53, 2 Sama'ila 4:4, Luka 3:12-14
Ayar haddacewa: Kubawar Shari'a 22:8

Gabatarwa

A kwanakin nan da wuya a sami ikilisiya ta cikin gari wadda ba ta buɗe makarantar rainon yara ba. Ɗakin da ake Makarantar Lahadi shi ne ajin 'yan shekara uku daga Litinin zuwa Jumma'a. Uwa ma'aikaciya ko 'yar kasuwa takan kawo ɗanta da sassafe, ta miƙa shi, ta tafi hankalinta kwance, gama a harabar gidan Allah ta bar shi. Wannan babbar amana ce.

Amma ranar da dubagari na ƙaramar hukuma ya iso ƙofa da littafinsa, fuskar shugabanni takan canza. Wani dattijo ya ce magabta ne suka turo shi, wani ya ce a ba shi na goro ya wuce. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa duba wurin da mutane suke zama aiki ne da Allah da kansa ya kafa cikin jama'arsa, saboda haka ikilisiya ce ta fi cancanta ta fara buɗe wa mai dubawa ƙofa.

1. Firist mai duba gida

Littafin Firistoci sura 14 ya tsara abin da za a yi idan tabon cuta ya bayyana a bangon gida. Maigidan ne zai je da kansa ya faɗa wa firist. Firist zai sa a kwashe kayan gidan, sa'an nan ya shiga ya duba. Idan ya ga tabo kore ko ja wanda ya ci cikin bango, sai ya rufe gidan kwana bakwai. Ya komo a rana ta bakwai, in tabon ya yaɗu, a ciccire duwatsun da suka kamu a zubar bayan gari, a kankare bango, a yi sabon yaɓe. In cutar ta sake ɓullowa bayan haka, sai a rushe gidan duka.

Abin lura shi ne, hukuncin ba ya hannun mai gida, domin mutum ba ya ganin aibin ɗakin da yake kwana a ciki. Hausawa sukan ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Haka kuma ba a gama aiki da zuwa ɗaya, sai an komo an ga ko gyara ya kama.

Kubawar Shari'a 22:8 ta ƙara wata doka. Wanda ya gina sabon gida sai ya kewaye rufin da ɗan bango, irin wanda magina suke kira rawanin soro, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Mai ginin bai tura kowa ba, duk da haka Shari'a ta ɗora masa laifi saboda abin da ya bari bai yi ba. Labarin Mefiboshet ya nuna tsawon sakamakon faɗuwa ɗaya. Yana da shekara biyar mai renonsa ta ɗauke shi da gaggawa domin ta cece shi, ya faɗi ya gurgunce. Niyyarta mai kyau ce, amma har ya girma yana ci a teburin sarki Dawuda, gurgu ne ƙafa biyu.

2. Dubagari na yau

Tsofaffi suna tune da dubagari na zamanin En'e, wanda yakan shiga gida ya leƙa randa yana neman tsutsar sauro, ya duba masai da kwata. Tun cikin shekarun 1930 ake horar da irin waɗannan ma'aikata a makarantar koyon tsabta ta Kano. A shekara ta 2002 aka yi dokar da ta kafa majalisar yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista a Nijeriya, aikin ya zama sana'a mai lasisi. Dokar Haƙƙin Yara ta biyo baya a 2003. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuwa ta sa kula da ƙananan yara da karatunsu na fari cikin ilimin tushe. Hukumar NERDC, da taimakon UNICEF, ta fitar da ƙa'idodin da ya kamata kowace cibiyar rainon yara ta cika.

Aikin dubawa ya rabu hannu-hannu. Dubagari yana kula da ruwa da abinci da tsabtar muhalli. Ma'aikatan asibitin shan magani suna bin rigakafi da nauyin yara. Jami'an ma'aikatar ilimi suna duba malamai da abin da ake koyarwa, ƙarfin gini kuwa na injiniyoyi ne da hukumar tsara birane.

Abin da ke faruwa idan aka kauce wa wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. Ran 13 ga Maris 2019 wani bene ya rufta a unguwar Ita Faji a tsibirin Legas, akwai makarantar reno da firamare a hawa na sama. Mutane wajen 20 suka mutu, yara da yawa a cikinsu. Gwamnatin jihar ta ce gidan zama ne, ba a ba da izinin makaranta a ciki ba. Ran 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Busa Buji cikin Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, fiye da 100 suka ji rauni.

3. Abin da mai dubawa yake nema

Ƙaramin yaro da baki yake gwada duniya, ba ya kuma sanin haɗari. Shi ya sa mai dubawa yakan kalli ɗaki daga tsawon mai rarrafe.

Yakan fara da ruwa. Daga ina ake ɗebowa, akwai murfi a kan rijiya, yaya tazararta da ramin masai? Ɗan shekara ɗaya yana iya nutsewa cikin bokitin wanki da aka manta a tsakar gida. Yakan duba ko akwai sabulu da ruwa a bakin masai, ko mai reno tana wanke hannu bayan ta sāke wa jariri ƙunzugu kafin ta taɓa abinci, gama ta wannan hanya ce gudawa take zagaya ɗaki duka. Yakan tambaya ko akwai gishirin ORS da ƙwayar zinc a akwatin taimakon gaggawa.

Sa'an nan ya nemi katin rigakafi na kowane yaro. Bisa tsarin ƙasa, jariri yana karɓar allurar tarin fuka da zarar an haife shi, allurar cututtuka biyar a mako na 6 da na 10 da na 14, ta ƙyanda a wata na 9, a maimaita a wata na 15. Cikin biyar ɗin nan akwai mashaƙo, wanda ya ɓarke daga ƙarshen 2022, ya fi tsanani a Kano, ya kuma fi kama yaran da ba su cika rigakafi ba. Yaron da ya zo da zazzaɓi da ƙuraje, ko jan ido, sai a ware shi a kira iyayensa, kamar yadda firist yakan rufe gida har a ga ƙarshen tabo.

Yakan buɗe kabad. Kananzir a kwalbar lemo, fiya-fiya da maganin ɓera a inda hannu ke kaiwa, duk ajali ne a ajiye. Yakan ga ko hayaƙin janareta yana shiga ta taga, ko ƙofar fita tana buɗuwa, ko jarirai a rigingine ake kwantar da su. Yakan ƙirga yara ya ƙirga manya, domin mace ɗaya, kome ƙaunarta, hannu biyu gare ta.

Yakan kuma yi tambaya a kan magani. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba, ya lalata ƙodar yara, 84 suka mutu. Hukumar NAFDAC ta rufe masana'antar. Bai halatta mai reno ta ba yaro maganin da iyaye da likita ba su sani ba, balle na sa barci don ta huta.

4. Jaraba iri biyu

Jarabar ikilisiya ita ce ta fake da bangaskiya. Akan ce Allah ne mai tsaro, kuma gaskiya ne. Amma da Shaiɗan ya kai Yesu ƙwanƙolin Haikali ya ce ya diro tun da mala'iku za su tallafe shi, Ubangiji ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah (Matiyu 4:5-7). Kwamitin da ya ga tsaga a bango ya shafe ta da fenti, ya yi addu'a ya tara yara a ƙarƙashinta, abin da Yesu ya ƙi shi ya yi. Kuɗin makaranta sukan taimaka wa baitulmalin ikilisiya, shi ya sa rufe aji na mako ɗaya yake da zafi. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Jarabar mai dubawa kuwa ita ce cin hanci. Albashi yakan makara, babu babur na zagaya, mai makaranta kuma yana miƙa ambulan. Wani lokaci ma fastonsa ne yake roƙo ya rufe ido, tun da abin na gida ne. Fitowa 23:8 ta yi gargaɗi cewa hanci yana makantar da mai gani, dubagari kuwa ido ne sana'arsa. Yahaya Mai Baftisma bai ce wa masu karɓar haraji da sojoji su bar aiki ba, ya umarce su kada su ƙwace, su ƙoshi da albashinsu. Kirista mai wannan aiki bawan Allah ne kamar yadda Romawa 13 ta kira masu hukunci. Ba zai tsananta wa matalauciyar makaranta don ya nuna iko ba: zai bayyana laifin, ya ba da wa'adi, ya komo ya gani. Ba zai kuma sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce ba, ko da ta ikilisiyarsa ce.

Kammalawa

Yesu ya ɗauki yara a hannunsa ya sa musu albarka (Markus 10:16), ya kuma yi magana mai nauyi a kan wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe (Matiyu 18:6). Ikilisiyar da take karɓar 'ya'yan maƙwabta, Kirista da Musulmi, shaidarta tana rataye da yadda take mayar da su gida da yamma. Ya kamata majalisar dattawa ta yi kamar maigidan nan na Littafin Firistoci, ta aika a kira mai dubawa tun bai zo ba, ta sa Zumuntar Mata da ma'aikatan lafiya na cikin ikilisiya su zagaya makarantar farkon kowane zango.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Don me Shari'a ta sa hukuncin gida a hannun firist maimakon maigida?
2. Mene ne rawanin soro da ya rage a gina a makarantar reno ko ɗakin Makarantar Lahadi na wannan ikilisiya?
3. Yaya dubagari mai bi zai amsa wa dattijon da ya roƙe shi ya rufe ido?
4. Wace hanya ikilisiya za ta bi ta sami kuɗin gyara ba tare da ta kori 'ya'yan matalauta ba?

Addu'a

A yi addu'a domin masu renon yara, da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi, da iyayen da suka rasa 'ya'yansu a Legas da Jos.